Karatun Bakansi Don Ɗan Wa?

Kai da ke riƙe da wannan jarida, da kai da ake karanta wa a gindin icce, yau da ku nake magana, kuma maganar ta ɗiyanmu ce.

Kowace shekara, da an rufe lakkwal an shiga bakansi, sai ka ga takardu manne ga bangaye a Maradi, da Damagaram, da Tawa, da Yamai. Wani lokaci har a rediyo ake shela. Ana kiran uwaye su kawo ɗiyansu "kur da bakans", wato karatun hutu. An yanka kuɗin ƴan firamare daban, na ƴan kwaleji daban. Wata ɗaya ne ko biyu, daga safe zuwa hantsi. Uba ya biya, ya koma gida hankalinsa kwance, yana ganin ya sauke nauyi.

To, ni ba na ƙin yaro ya yi karatu cikin bakansi. Wata uku ba tare da ya taɓa kaye ba yana da yawa, kuma kowane mushe zai gaya maka yadda yara ke komowa a Oktoba sun manta rabin abin da suka sani. Abin da nake ƙi shi ne yadda ake yin wannan karatu a wurare da yawa. Ana sayar mana da abin da ya kamata a ba mu kyauta. Ana koyar da abin da ba shi yaro ke bukata ba. Kuma yaron da ya fi kowa bukatar taimako, shi ne ake bari a waje.

Bari mu fara daga tushe. Mi ya sa yaro ke bukatar ƙarin karatu bayan wata tara yana zuwa lakkwal? A takarda, shekarar karatu daga Oktoba ce zuwa Yuni. Amma kai da ke zaune kusa da lakkwal, ƙidaya mini da yatsunka. Kilas ɗin zana ba ya tsayuwa sai an yi girbi an samu kara. Wani mushe ba ya isowa inda aka tura shi sai an yi makonni da buɗewa. Ƙarshen wata ya tafi birni karɓar albashi, in hanya ta yi nisa ya share kwanaki. Ga yajin aiki, yau na malamai, gobe na ƴan lakkwal. Da hadari ya taso, runfar kara ta faɗi, karatu ya ƙare tun ranar rufewa ba ta zo ba. Ba mu manta ba kuma da abin da runfunan nan suka jawo mana a 2021: a watan Afrilu wuta ta cinye yara kimanin 20 a wata lakkwal ta Yamai, a watan Nuwamba ta cinye fiye da 20 a Maradi. Allah ya jiƙansu.

In ka cire duk waɗannan kwanaki, nawa suka rage cikin wata tara? Sakamakon ba a ɓoye yake ba. Akwai wani awo da ake kira PASEC, wanda ake yi wa ɗiyan ƙasashen Afirka masu aiki da faransanci. A 2014, cikin ɗiyan Nijar da suka kai ƙarshen firamare, kusan tara cikin goma ba su kai matakin da ake so ga karatu ba. A 2019 an samu ci gaba, amma duk da haka kusan bakwai cikin goma suna ƙasa da matakin. Shekara shida ke nan yaro na zaune bisa banci ko bisa tabarma, ya fito ba ya iya karanta wasiƙa ya gane abin da ke ciki.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Karatun bakansi na kuɗi ta wannan tsaga ya shigo. Kwanakin da aka ci mana bashi cikin shekara, su ne ake maido mana a Agusta, a ce mu saya.

Yanzu tambayi ɗanka abin da ake koya musu a can. Sau da yawa zai ce maka karatun kilas ɗin gaba ne. Mai shiga CM1 ana fara mishi littafin CM1. Mai shiga kwaleji ana fara mishi ingilishi da lissafin kwaleji. Uba ya ji daɗi, ya ce ɗansa ya riga tsaransa. Amma ka gwada shi tukuna. Ɗauko littafin CE1, buɗe tsakiya inda bai hardace ba, ka ce ya karanta maka layi uku, ya gaya maka da Hausa abin da suka ce. Ka ce mishi: na tafi kasuwa da dala 100, na sayi gishiri na dala 35, nawa suka rage? In ya tsaya yana kallon ƙasa, to mi karatun kilas ɗin gaba zai amfana mishi? Magini ba ya ɗora tubali bisa katangar da gindinta ya jiƙe. Yaron da bai rarrabe baƙaƙe ba, in ka zuba mishi nahawun faransanci na wata biyu, sai dai ya kwafe daga allo zuwa kaye da kyakkyawan hannu. Kaye ya cika, kai kuwa yana nan yadda yake.

Sa'an nan dubi waɗanda ke cikin ɗakin. Yaushe ake neman kuɗin? A Yuli da Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, tiyar hatsi ta hau, masassara ta shiga gidaje. A ce jikka uku ne ga kowane yaro a wata. Mai ɗiya biyar a lakkwal, jikka goma sha biyar ke nan a wata, talatin a wata biyu. Ma'aikaci da babban ɗan kasuwa za su iya. Mai tura kura fa? Matar da mijinta ya tafi bida bai aiko ba fa? In an matsa, sai a zaɓi yaro ɗaya a biya mishi, kuma kai da ni mun san wanda ake zaɓa. Ɗiya mace ta ɗauki farantin talla. Yaron ƙauye kuwa ba a ma yi maganarsa ba. Yana gona da hauya daga noman farko har maimai, kuma takardar shelar ba ta taɓa isa garinsu ba.

Ga abin da ke faruwa in Oktoba ta zo. Yara 70 cikin kilas, 15 sun riga sun ga darasin a bakansi. Mushe ya yi tambaya, hannuwa 15 suka tashi. Ya ce madalla, an gane, ya wuce. Sauran 55 sun zama ƴan rakiya. Da an yi makonni sai a fara ce musu daƙiƙai, su ma su yarda, uwayensu su yarda. Daga nan sai maimaita kilas, daga maimaitawa sai kora ko gudu. Alhali ba ƙwaƙwalwa aka fi su ba, jikka uku aka fi su.

Akwai kuma wani abu da ba a son faɗi, ni zan faɗa. In mushen da ke riƙe da kilas cikin shekara shi ne ke sayar da karatu ga yaran nan nasa a bakansi, an sa shi cikin jarraba. Duk abin da bai ƙare ba a Mayu, kasuwa ce a Agusta. Ban ce duk malamai haka suke ba, Allah ya kiyaye. Na san akwai masu tara yara a zaurensu ba su karɓi ko dala ba. Amma tsarin da ke sa ragowar aiki ta zama riba, mugun tsari ne ko mutanen kirki ke cikinsa. Uba kuma yana tsoro: in bai kai ɗansa ba, wane ido za a dube shi da shi in an koma?

Na san abin da za ka ce mini. Za ka ce mushe ma uba ne, kuɗin ɗan kwantaragi ba su kai shi ƙarshen wata, wani lokaci ma su yi jinkiri. Gaskiya ne. Amma wa ya ɗauke shi aiki? Gwamnati. Can ya kamata mu taru, uwaye da malamai, mu ɗaga murya a biya shi daidai kuma kan lokaci. In an bar wanda ke riƙe da haƙƙinsa aka juyo ga aljihun mai sayar da ƙosai, an bar jaki ana dukan taiki.

Za ka ce ya fi yawon banza, gara yaro yana cikin ɗaki da ya tafi wanka tabki ko ya bi tasha. Wannan ma gaskiya ne. Amma in tsaro kake saye, ka kira shi tsaro, kada ka ruɗi kanka cewa ilimi ka saya. Kuma ɗan maƙwabcinka da bai biya ba, shi tabkin ba ya cin sa?

Za ka ce kuɗina ne, ɗana ne, ina ruwan wani. Ba mai hana ka. Sai dai ka tuna cikin waɗannan 55 za a samu wanda zai auri ɗiyarka, da wanda zai auna maka taki, da wanda zai riƙe littafin kuɗin ƙungiyarku. Garin da mutum goma suka iya karatu, ɗari ba su iya ba, har goman ba su tsira ba.

To, mi za a yi? Ba sai mun jira wani daga waje ba. Kowace lakkwal tana da kwamitin uwaye da malamai, wanda muka saba kira kojes. A jihar Tawa, tun 2004, wani shiri na haɗin gwiwa da ƙasar Japan ya fara ƙarfafa waɗannan kwamitoci, jama'a na zaɓen shugabanninsu da ƙuri'a. Daga baya, ta hannun kwamitocin, an shirya wa yara awoyin ƙari bayan tashi daga kilas, mutanen gari na taimaka wa malamai, yara na aikin lissafi daga mai sauƙi zuwa mai wuya. A ƙasar Indiya ma wata ƙungiya mai suna Pratham ta daɗe tana aiki da wata dabara mai sauƙi. Ba a tambayar yaro kilas ɗinsa. Ana gwada shi ne, a ga ko ya san baƙaƙe, ko yana haɗa kalma, ko yana karanta layi, ko yana karanta labari. Sai a zaunar da shi tare da waɗanda ke daidai da shi, a fara daga inda ya tsaya.

Haka ya kamata karatun bakansi ya zama a garinku. A kira taron kojes tun kafin a rufe lakkwal. A gwada yara duka, a fara rubuta sunayen waɗanda suka fi rauni, mata da maza. A tsaida awa biyu a rana, lokacin da bai ci karo da gona ko makarantar allo ba, kuma mutanen gari su ne suka san wannan lokaci. Masu koyarwa suna nan: ƴan lisai da ƴan jami'a da suka komo gida hutu, da malaman da suka yi ritaya, da malamin yaƙi da jahilci. In za a ba su goro, a tara shi daga gari duka, mai dala ya ba da dala, mai tiya ya ba da tiya, a rubuta a karanta a gaban jama'a. Kada a kori yaro ko ɗaya don ubansa bai kawo ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kuma yaron da bai iya karatu ba, a fara mishi da harshen da ya sha a nono. Kai ne shaida. Ba cikin ƴan watannin rani ka koyi karatu a cibiyar yaƙi da jahilci ba, da girmanka, da iyali bisa kanka? Mi ya sa ka yi sauri? Don abin da kake karantawa, ka riga ka san shi a baki. Tun 1973 aka buɗe lakkwal ta gwaji a Damagaram inda yara ke fara karatu da Hausa kafin faransanci. A 2025 kuma dokar ƙasa ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa. Baƙaƙen boko kusan duka ɗaya ne. Yaron da ya gane yadda ake haɗa su cikin "tuwo" da "rijiya", ya samu mabuɗin da zai shiga faransanci da shi. Wannan jarida da ke hannunka ma littafi ce. Zaunar da ɗiyarka da maraice, ta karanta maka layi biyu, ka gyara mata.

In kuma ka ce lalle sai ka biya, to ka biya da ido buɗe. Kafin ka miƙa kuɗi, tambayi mai karatun abu uku. Za ka gwada yarona ranar farko, ka gaya mini inda ya tsaya? Yara nawa ne cikin ɗakin? Ranar ƙarshe, mi zai iya wanda bai iya ba yau? Malamin kirki zai ji daɗin tambayar, ya amsa maka dalla-dalla. Wanda ya ɓata rai, mai da kuɗinka aljihu, ka sayi hatsi.

Abu na ƙarshe, kuma shi ne babba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wata biyu na damina ba za su biya bashin wata tara ba. Daga Oktoba mai zuwa, sa ido ga lakkwal ɗin garinku kamar yadda kake sa ido ga gonarka. In an yi girbi, ku kai kara da wuri. In an samu hali, ku buga tubali a rabu da runfa. Kojes ta rubuta ranar da aka buɗe, da kowace ranar da ba a yi karatu ba da dalilinta, a kai wa dirakta, in bai isa ba a kai wa anspekta. Wannan ba faɗa ba ne da malamai. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Ka karanta wa waɗanda ba su iya ba, ku tattauna, ku rubuto mana abin da kuka shirya a garinku. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya raya mana ɗiyanmu. Amin.