Kafin ka sayi moto, dubi hanyarka da wanda zai hau

Duk shekara, da sakamakon BEPC da na Bak ya fito, za ka ga iyaye a shagunan saida moto na Maraɗi da Damagaram, sun zo cika alkawari. Tambayar farko da ake yi wa mai shago kusan kullum ɗaya ce: “Wanne ya fi ƙarfi?” A ganina wannan ita ce ya kamata ta zo ƙarshe.

Lambar da ake faɗa, 50 ko 110 ko 125, girman cikin inji ce. Mai 50 ƙarfinsa bai wuce na doki 3 zuwa 4 ba, kuma a Turai doka ta taƙaita gudunsa a kilomita 45 cikin awa. Mai 110 yana ba da wajen doki 7 zuwa 8, mai 125 kuwa ya ɗara haka kaɗan. Kowanne da aikinsa.

Malamar da ke koyarwa cikin gari, daga gida zuwa lakwal, daga lakwal zuwa kasuwa, ƙaramin moto mai rufin roba, wanda ba a sa masa giya, ya ishe ta. Ba ya shan mai da yawa, akwai wurin aje ƙafa ko da zane aka ɗaura, ga ma'ajiyar littattafai ƙarƙashin kujera.

Amma mushen da aka tura ƙauye, ko wanda ke zirga-zirga tsakanin Damagaram da Mirya kullum, lissafinsa daban ne. Abin da zai fara dubawa shi ne ƙafafun moto, ba inji ba. Ƙananan ƙafafu masu inci 10 ko 12 suna nutsewa cikin rairayi, suna faɗawa kowane rami, ruwan damina kuma ya kai ga inji tun daga ƙaramin kwazazzabo. Ƙafa mai inci 17 ta fi jure wannan hanya. Sannan ƙaramin inji da aka ɗora wa mutum biyu da buhun hatsi, a zafin watan Afrilu, aiki yake iyakar ƙarfinsa tun daga tashi har isa. Injin da iska ke sanyaya shi ba ya daɗewa a haka. Nan kam arha ba ta ado: mai 110 ko 125 shi ne daidai.

Inda nake jayayya da iyaye shi ne batun yara. Ɗan shekara 16 da makarantarsa ba ta fi kilomita uku daga gida ba, me zai yi da moton da ke kai 90? Wasu za su ce gara a sayi babba sau ɗaya, ya yi wa gida aiki, ya kuma yi daraja ranar saidawa. Maganar kuɗi ce, kuma tana da gaskiyarta. Sai dai akwai wani lissafin: in gudu ya ninka sau biyu, nisan da birki ke buƙata kafin moto ya tsaya ninkawa yake sau huɗu. Yaron da zai iya tsayawa a 30 in akuya ko amalanke ta gitta, a 60 sai dai a ɗauke shi. Ga yaro, rashin ƙarfin inji kariya ce. Mu malamai mu ne ke ganin kujerar da ta zauna wayam ranar Litinin.

Saboda haka, kafin a biya, a tambayi mai gyaran moto na unguwa ko kayan gyaran wannan samfuri suna samuwa. A ware kuɗin hular kwano cikin kuɗin moto tun farko. A riƙa juye baƙin mai kan lokaci, a share matatar iska, musamman lokacin hunturu da ƙura ke toshe ta. Bayan an gama wannan duka, sai a yi zancen ƙarfi.