Tsakanin Batir da Na'ura, Kada a Bar Gurbin Regileta

Duk inda wutar NEPA ta yi ƙaranci, batir ne ke riƙe da gida. Daga shagon mai cajin waya a bakin tasha har zuwa ɗakin da aka ɗora wa fanel ɗin sola guda a kan kwano, batir mai bolt 12 shi ke kunna rediyo da fitila da na'urar intanet. Shi ne kuma ke ƙona su, sai ka ji mai kaya yana tsine wa jabu. Jabu kam akwai shi a kasuwa, amma a ganina sau da yawa laifin na mai haɗa waya ne.

Batir ɗin da aka rubuta wa 12 ba ya tsayawa a 12. In ya cika yakan kai 12.6, lokacin caji kuwa har ya haura 14. Ita ko waya bolt 5 take karɓa ta kafar USB, ƙaramin rediyo mai cin batir biyu kuma bolt 3 ya ishe shi. Wanda ya jona su kai tsaye, hayaƙi zai gani. Wasu masu gyara kan saka resista a tsakani su ce an rage wuta. Wannan dabara ba ta riƙewa, domin abin da resista ke ragewa ya dogara ne da yawan wutar da na'urar ke ja a lokacin. Da zarar jan ya ragu, sai ƙarfin ya tashi ya afka mata.

Aikin regileta ke nan: ko wutar batir ta hau ko ta sauka, abin da ke fita ba ya motsi. Wadda masu gyaran rediyo suka fi sani ita ce 7805 mai ƙafa uku. A ba ta bolt 7 ko fiye, ta fitar da 5 daidai. Sai dai rarar ba ta komawa batir, zafi take zama. Daga 12 zuwa 5 an zubar da 7, don haka na'urar da ke jan amfiya 1 za ta samu wat 5, wat 7 kuma su tafi a zafi. Fiye da rabin abin da aka tara da rana ya salwanta. In ba a ɗaura mata farantin alminiyam ba, a zafin Afrilu takan ɗauke kanta, caji ya tsaya. Ta dace da abin da ke jan wuta kaɗan, ba cajin waya ba.

Don waya da na'urar intanet, gara ƙaramin allon regileta mai LM2596. Shi yana kunna wuta yana kashewa sau dubu 150 a daƙiƙa guda, shi ya sa asararsa kaɗan ce. Irin wannan dabarar ce a cikin cajar mota. Allon ya ɗan fi 7805 tsada, amma araha ba ta ado. Galibin irin waɗannan alluna suna da ɗan sukurun daidaitawa, kuma tilas a auna da mita a tsayar da shi a kan bolt ɗin da na'urar ke karɓa kafin a jona komai. A kuma sa fiyus dab da kan batir, domin batir ɗin mota na iya sakin ɗaruruwan amfiya in wayoyi suka haɗu, ya tayar da gobara.

Kirana ga iyayen gida masu koyar da yara gyara, ku koya musu wannan ɗan lissafi tun kafin su riƙe ƙarfen liƙi. Kai kuma mai kaya, kada ka biya kuɗin aiki sai ka tambayi abin da aka sa tsakanin batir da na'urarka, an kuma ɗora mita ka ga lambar da idonka.