SHARHI: Hoton fuskar waya ya zama hujja a titi, amma kotu na tambayar asalinsa

A ranar 2 ga Yunin 2021 kamfanin Twitter ya goge wani saƙo da Shugaba Muhammadu Buhari ya wallafa, wanda a cikinsa ya yi nuni da yaƙin basasa yana gargaɗin masu kai hare-hare kan gine-ginen gwamnati a Kudu maso Gabas. Kwana biyu bayan haka gwamnatin tarayya ta sanar da dakatar da ayyukan kamfanin a Najeriya, ba ta kuma janye matakin ba sai ranar 13 ga Janairun 2022. Saƙon da aka goge kuwa bai ɓace ba. Tun kafin a cire shi mutane da yawa sun ɗauki hotonsa daga fuskar wayoyinsu, jaridu suka buga, har yau kuma duk mai neman sanin abin da shugaban ya rubuta zai same shi.

Wannan shi ne ƙarfin hoton fuskar waya, wanda matasa ke kira sikirinshot. Da danna maɓalli biyu mutum kan adana abin da ke gabansa, ko da mai maganar ya goge ta daga baya. Sai dai yardar da jama'a ke ba irin wannan hoto ta zarce abin da yake iya tabbatarwa, kuma wannan tazara ce ke jawo wa 'yan kasuwa asara, take raba aure, take kai wasu ofishin 'yan sanda.

Gani ya kori ji

Ba banza ba jama'a suka amince da shi. A ƙasar da jami'i kan faɗi magana da safe ya musanta ta da yamma, hoton abin da ya rubuta ya zama makamin talaka. Ɗalibar da malami ke damu da saƙonnin batsa tana iya tara su ta kai wa hukumar makaranta. Wanda ya sayi kaya ta intanet aka aiko masa da wani abu daban yana da hirar cinikin a hannu. Ma'aikacin da aka yi wa alkawarin albashi a rubuce ba ya buƙatar rantsuwa. A lokacin zaɓen 2023 ma, masu bibiyar sakamako sun riƙa ɗaukar hoton takardun rumfuna da INEC ta ɗora a shafinta na IReV domin kwatanta su da alƙaluman da aka sanar.

Hausawa na cewa gani ya kori ji, kuma a kan wannan karin magana yardar ta ginu. Wanda aka ba labari yakan tambayi wa ya faɗa. Wanda aka nuna wa hoto mai ɗauke da suna da lokaci da hoton fuskar mai magana yakan ɗauka da idonsa ya gani. Alhali abin da ya gani shi ne abin da wani ya zaɓa ya nuna masa.

Yadda ake haɗa na bogi

Ƙirƙirar hirar ƙarya ba ta buƙatar ƙwarewa. Mai waya biyu zai iya adana lambarsa ta biyu da sunan wani kwamishina ko wata matar aure, ya sanya hoton mutumin a kai, ya rubuta wa kansa duk abin da ya ga dama, sannan ya ɗauki hoto. Babu abin da zai nuna wa mai kallo cewa lambar da ke ƙarƙashin sunan ba ta wanda ake zargi ba ce. A kwamfuta kuma, manhajojin buɗe shafukan intanet suna da wata kafa da aka tanada domin masu gina shafuka, wadda ke ba kowa damar sauya rubutun da ke gabansa na ɗan lokaci ba tare da ya taɓa ainihin shafin ba. Ta haka ake samun kanun labarin ƙarya ɗauke da tambarin jarida ta gaskiya.

Akwai kuma hanyar da ba a ƙirƙiri komai a cikinta ba, wato yanke hira. Ana iya cire tambaya a bar amsa, ko a goge saƙonnin ɓangare guda kafin ɗaukar hoton, sai raha ta koma barazana, ko maganar da mutum ya kawo domin ya soke ta ta koma tasa. Ana kuma tono hoton shekarun baya a yanke kwanan watan a yaɗa shi kamar na jiya.

Alamar tantancewa mai launin shuɗi ma ta daina zama tabbaci. Tun watan Nuwamban 2022 da Twitter, wanda yanzu ake kira X, ya fara sayar da ita ga mai biyan kuɗi, ganin ta a jikin hoto ba ya nuna cewa shafin na wanda ake tsammani ne.

Rasit a fuskar wayar mai saye

Inda asarar ta fi fitowa fili shi ne kasuwa. Ƙarancin takardun kuɗi da ya biyo bayan sauya fasalin naira a farkon 2023 ya tilasta wa ƙananan 'yan kasuwa, daga mai nama zuwa mai kayan miya, karɓar kuɗi ta banki. A daidai lokacin ne kuma hanyoyin tura kuɗi suka yi ta cijewa, ta yadda alat kan yi sa'o'i bai shigo ba. Mai saye sai ya nuna hoton rasit a wayarsa, mai kaya ya ji nauyin riƙe shi, ya sallame shi bisa amana.

'Yan damfara sun gane wannan rauni. Rasit ɗin banki rubutu ne da tambari, kuma gyara suna da adadi a jikinsa bai fi aikin minti kaɗan ba. Abin da ke tabbatar da biya shi ne abin da mai kaya ya gani a asusunsa, ta manhajar bankinsa ko ta lambar duba asusu da ake dannawa. Ɗan kasuwar da ya sallami kaya saboda abin da ya gani a wayar wani, ya ba da bashi ne ga wanda bai sani ba.

Katangar da hoto ke tsallakewa

Kamfanonin sadarwa sun kafa matakan rage yaɗuwar jita-jita da kare sirri. WhatsApp ya kammala kulle saƙonni tsakanin mai aikawa da mai karɓa a 2016. A 2018 ya fara sanya alama a kan saƙon da aka turo daga wani wuri, a 2019 kuma ya taƙaita tura saƙo zuwa wurare biyar a lokaci guda. Hoton fuskar waya na tsallake dukkan waɗannan. Kullen yana kare saƙo ne a kan hanya, ba shi da iko a kan abin da mai karɓa zai yi da shi. Hoton da mutum ya ɗauka ya aika kuwa sabon saƙo ne, ba ya zuwa da alamar an turo. Ko da kamfanin ya hana ɗaukar hoton saƙon da ake buɗewa sau ɗaya, waya ta biyu na iya ɗaukar fuskar ta farko.

Shi ya sa maganar da aka yi a zauren 'yan uwa ko na 'yan aji ke iya wayar gari a gaban dubun dubatar baƙi waɗanda ba su san masu maganar ba, ba su kuma san abin da ya gabace ta ba. Mata ne suka fi ɗanɗana kuɗar wannan, musamman idan soyayya ko aure ya lalace, ɗaya ɓangaren ya mayar da tsohuwar hira makamin ramuwa.

Abin da alƙali ke nema

Kotu ba ta karɓar hoto kamar yadda titi ke karɓa. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya amince da hujjar da ta fito daga kwamfuta, kalmar da ta haɗa da wayar hannu, amma bisa sharuɗɗa. Dole mai gabatarwa ya yi bayanin na'urar da ta samar da takardar, ya nuna ana amfani da ita yadda aka saba kuma tana aiki daidai a lokacin, ya kuma kawo takardar shaida mai sa hannu ko ya ba da bayanin da baki a gaban kotu. A shari'ar zaɓen gwamnan Bayelsa na 2012 tsakanin Kubor da Dickson, Kotun Ƙoli ta yi watsi da takardun da aka buga daga intanet saboda ba a cika waɗannan sharuɗɗa ba.

Bayan an karɓi hujja ma, lauyan ɗaya ɓangaren na da damar tambayar ina wayar take, wace lamba ce ta aiko saƙon, me aka faɗa kafinsa da bayansa. Saboda haka duk wanda ake yi wa barazana ko cin zarafi ta waya, hoton kaɗai bai ishe shi ba. Ya bar ainihin saƙonnin a wayar, kada ya goge hirar, ya tabbatar lambar mai aikowa da kwanan wata sun fito a hoton.

Alhakin wanda ya tura

Masu yaɗawa da dama na ganin cewa tunda ba su suka rubuta ba, babu ruwansu. Doka ba ta kallon abin haka. Sashe na 391 na kundin Pinal Kod da ake aiki da shi a Abuja ya ɗora laifin ɓata suna a kan wanda ya ƙirƙiri zargi da wanda ya wallafa shi. Sashe na 24 na Dokar Laifukan Intanet ta 2015, bayan gyaran da aka yi masa a watan Fabrairun 2024, ya tanadi tarar da ba ta wuce naira miliyan 7 ba, ko ɗaurin da bai wuce shekara 3 ba, ko duka biyun, ga wanda ya aika saƙon batsa da gangan, ko saƙon da ya san ƙarya ne da nufin tayar da hankalin jama'a ko jefa rai cikin haɗari. Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulki ya kare sirrin wasiƙu da maganganun waya, ga kuma Dokar Kare Bayanai ta 2023 da ta kafa hukuma ta musamman a kan haka.

Sai dai wannan doka takobi ce da aka sha zare wa masu sukar hukuma. Kotun ECOWAS ta yanke hukunci a 2020, ta sake a 2022, cewa tsohon sashe na 24 ya saɓa wa 'yancin faɗin albarkacin baki, abin da ya taimaka wajen gyara shi. Duk da gyaran, a watan Mayun 2024 'yan sanda sun tsare ɗan jarida Daniel Ojukwu na tsawon kwanaki bisa zargin karya dokar. Wannan ya sa ƙara tsaurara hukunci ba zai zama magani ba, domin babban mutum ya fi saurin samun 'yan sanda a kan wanda ya tona masa asiri fiye da yadda yarinyar da aka watsa hirarta za ta samu a kan wanda ya tozarta ta.

Kafin a danna tura

Nauyin farko na kan gidajen jarida. Hoton saƙo mafarin bincike ne, kuma ƙa'idar aiki ita ce a nemi ainihin saƙon a shafin mai shi, a kira wanda ake jingina wa maganar, a kuma rufe lambobi da sunayen waɗanda ba su da hannu a lamarin. Cibiyoyin tantance labarai irin su Dubawa da Africa Check na yin wannan aiki, amma ba za su iya bin kowane zaure ba.

Sauran nauyin na kan mai riƙe da waya. Idan hoton na saƙon da aka wallafa a fili ne, duba shafin mai shi ba ya cin minti biyu. Idan na kanun jarida ne, labarin zai kasance a shafin jaridar. Idan kuma hirar sirri ce tsakanin mutum biyu, mai kallo ba shi da hanyar tantance ta, kuma ko gaskiya ce, akwai bambanci tsakanin tona almundahana da dukiyar jama'a da tona asirin gidan wani.

Yayin da zaɓen 2027 ke ƙaratowa, hotunan takardun murabus, sanarwar jam'iyyu da hirarrakin 'yan takara za su yawaita a wayoyi, na gaskiya da na bogi a haɗe. Wanda ya ƙirƙiri na bogin yakan ɓuya a bayan shafi marar suna, amma wanda ya tura shi zauren unguwa da lambarsa ya tura, kuma ita ce lambar da mai ƙara zai kai wa 'yan sanda.