Raddi Ga Masu Cewa Abbas Ya Sayar Da Kano

Akwai wata magana da ke yawo a zaurukan hira, har ta kai rumfunan Kasuwar Singa, inda 'yan kasuwa kan taɓa tarihi idan ciniki ya lafa. Masu ita suna cewa a shekarar 1903 mutanen ƙasar nan gida biyu suka rabu: masu gaskiya da suka bi Sarkin Musulmi Attahiru suka yi shahada a Burmi, da maciya amana da suka zauna suka karɓi sanda daga hannun Nasara, kuma babbansu a Kano shi ne Sarki Abbas. Kishin addini da na ƙasa ne ya haifi wannan magana, kuma ina girmama wannan kishi. Amma hukunci ne a kan mutanen da ba su nan balle su kare kansu, don haka wajibi ne a auna hujjojinsa ɗaya bayan ɗaya.

Hujjarsu ta farko ita ce Abbas ne ya miƙa gari. Jerin kwanakin kaɗai ya isa ya rushe wannan. Ranar 3 ga Fabrairu 1903 rundunar Kanar Morland ta shiga Kano da ƙarfin igwa, lokacin Sarki Alu yana hanyar dawowa daga Sakkwato da mafi yawan dawakin gari, kuma Abbas, wanda yake Wambai a lokacin, yana cikin wannan ayari. Sarkin Shanu da aka bar wa gida ya yi yaƙi har aka kashe shi a fada. Da labari ya iske ayarin, Alu ya rabu da jama'arsa cikin dare ya yi arewa, daga baya aka kama shi aka kai shi Lakwaja, inda ya rasu a 1926. Waziri Ahmadu ya ja wani sashe na mayaƙa ya gwabza da Nasara a Kwatarkwashi, ya yi shahada. To, me ya rage a hannun Wambai? Gari ya riga ya faɗi, sarki ya tafi, waziri ya kwanta dama, ga dubban mutane a daji iyalansu na cikin ganuwa a hannun baƙi. Ya juyo da su gida. Ana iya cewa da ma ya mutu kamar ɗan'uwansa Waziri Ahmadu, amma ba a iya cewa ya sayar da abin da ya fita daga hannunsa tun makonni kafin ya iso ƙofar gari.

Hujja ta biyu ta fi nauyi, kuma ita ce ta malamai. Suna cewa Shehu Usmanu ya wallafa Bayanu Wujubil Hijra, ya tabbatar da cewa barin ƙasar da kafiri ke mulki wajibi ne, saboda haka duk wanda ya zauna ya saɓa wa asalin da aka kafa daular a kai. Amsa ita ce malaman wancan zamani sun san littafin fiye da mu, kuma a kansa suka yi saɓani da idonsu buɗe. Bayan faɗuwar Sakkwato a Giginya ranar 15 ga Maris, Waziri Buhari ya tara malamai ya nemi fatawa, sannan ya rubuta risalarsa ga ma'abota ilimi yana bayyana dalilin komawarsa Sakkwato ƙarƙashin mulkin Nasara. Ya dogara da sassaucin da aya ta 28 ta Suratu Ali Imrana ta yi wa wanda ke tsoron cutarwa, da kuma cewa Nasara ba su hana salla da azumi ba, kuma idan shugabanni da malamai suka watse, talakawan da ba su da halin tafiya za a bar su ba limami ba alƙali. Wajabcin hijira yana rataye da iko da kuma samun inda za a je. Ina za a je a 1903? Faransa ta kama Damagaram tun 1899, Jamus ta mamaye arewacin Adamawa, Ingila ta murƙushe daular Mahadi a Omdurman tun 1898. Waɗanda suka tsira daga Burmi ranar 27 ga Yuli suka bi Muhammadu Bello Mai Wurno gabas, ƙarshen tafiyarsu shi ne bakin kogin Nilu a Sudan, a ƙarƙashin tutar Ingilar da suka gudo wa. Wannan bai rage wa Attahiru daraja ko ƙwayar zarra ba. Ya zaɓi azima, Allah Ya karɓi shahadarsa. Amma wanda ya ɗauki rangwamen da shari'a ta ba shi ba a kiransa maci amana.

Sai su ce, to ai Abbas ya yi wa Nasara rantsuwa, ya tara musu haraji. Haka ne, kuma ba zan ɓoye cewa haraji da jangali da aikin tilas na shimfiɗa dogo ta hannun sarakuna suka sauka a kan talaka ba. Sai dai wanda ya sayar da kansa ba ya zama ƙaya a wuyan mai saye. Razdan Cargill ya gaji da turjiyar Abbas har a 1908 ya sauke ɗansa Abdullahi Bayero daga waziranci ya ɗora bawan sarki, Ɗan Rimi Allah Bar Sarki, don ya karya shi, kuma bai daɗe ba aka warware wannan naɗi. A zamanin Abbas alƙalai suka ci gaba da hukunci da Mazhabar Malikiyya, kuma 'yan mishan ba su sami gindin zama a cikin birni ba.

A Singa akan ƙara da cewa attajirai ma bakinsu ɗaya da Nasara. A nan ne ake cakuɗa abubuwa biyu. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a 1912, kamfanoni suka kafa kantuna tsakanin tasha da Fagge, aka yanka Sabon Gari don baƙin da dogo ya kawo. Fatake irin su Alhassan Ɗantata da Umaru Sharubutu sun shiga wannan ciniki shekaru bayan an gama yaƙi, da jarin da suka tara a fataucin goro, kuma Singa ta yau, da buhunan sukarinta da katon-katon na taliya, a kan wannan tushe ta tsiro. Daban yake da aikin irin su Adamu Jakada, wanda tun kafin a harba harsashi ɗaya yake kai wa Turawa rahoton halin da sarakuna ke ciki. Na farko ya sayar da gyaɗa ga mai mulkin da ya tarar, na biyu ya taimaka aka kawo mulkin.

Ba mu kaɗai muka sha wannan muhawara ba. Lokacin da Japan ta mamaye Filifin daga 1942 zuwa 1945, José Laurel ya karɓi shugabancin gwamnatin da 'yan mamaya suka kafa, yana cewa garkuwa yake wa jama'a, kuma ya ƙi tilasta wa matasa shiga sojan Japan. A gefe guda ga 'yan ƙungiyar Makapili, masu rufe fuska suna nuna wa Japanawa 'yan gwagwarmaya a kashe. Bayan samun 'yanci a 1946, afuwar da Shugaba Roxas ya yi a Janairun 1948 ta haɗa da masu riƙe muƙami da 'yan kasuwa, amma ta cire 'yan leƙen asiri da masu jini a hannu. Mutanen da raunin ke jikinsu ɗanye ba su yarda su yi wa kowa kuɗin goro ba.

Wannan ma'auni kuwa ba ya wanke kowa da kowa, kuma a nan na rabu da masu kare sarakuna ido rufe. A Fabrairun 1906 talakawan Satiru, da yawansu manoma da bayin da suka gudu, suka fatattaki wata rundunar Nasara suka kashe Turawa uku. Ranar 10 ga Maris aka dawo musu da manyan bindigogi, aka kashe kimanin mutum 2,000, dawakin Sakkwato suna cikin masu bin waɗanda suka tsere, aka rushe garin, aka la'anci duk wanda zai sake gini ko noma a wurin. Fatawar Waziri Buhari ta halatta sassauci da baki don a tsare ran Musulmi; ba ta halatta a zare takobi a kan Musulmi don a tsare mulkin Nasara ba. Mai neman inda aka ƙetare iyaka, ga shi nan a Satiru, shekara uku bayan ranar da yake tuhuma, kuma ba a Kano ba.