Ba Haka Yake A Littafi Ba!

Makon jiya ina aikin dare a nan Sule Tankarkar, wajen ƙarfe biyu, ɗakin haihuwa ya yi tsit, sai abokiyar aikina ta ja wani dogon tsaki har na zabura, na ɗauka wani abu ne ya sami mai jego. Ashe fim take kallo a waya. Wani littafin yaƙi da aljanu ne da ta haddace tun tana 'yar sakandare aka mayar fim. Ta miƙo min wayar ta ce, "Anti, don Allah dubi wai Sarkin Aljanu. Kuma jarumar da ta ceci garinsu da takobi, ga ta nan an bar ta da kuka da waƙa. Wallahi ba haka yake a littafi ba!"

Na yi dariya, amma na san ciwon. Na tabbata kai ma, mai karatu, ka taɓa faɗin wannan magana.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya sayo mana Magana Jari Ce a wata Alhamis da ya ci kasuwar Maigatari. Bayan sallar isha'i yakan karanta mana a hasken fitilar ƙwai, muna zube a tabarma. Yakan ba mu labarin yadda gidan talabijin na NTA Kaduna ya mayar da littafin wasan kwaikwayo a shekarun 1980, yana yaba gwanintar marigayi Kasimu Yero. Duk da haka sai ya ce shi akun da ke kansa da muryar malaminsa na firamare yake magana, ba wanda zai iya kwaikwayonta. Ni kuma nawa akun da muryar Baba yake magana har gobe. To ka ga inda gizo ke saƙar: mutum dubu in sun karanta littafi ɗaya, fim dubu suka shirya a zukatansu. Darakta kuwa ɗaya tak zai iya yi. Labarin aljanu ya fi kowane shan wannan wahala, domin ba wanda ya taɓa ganin fadarsu. Marubuci da layi biyu zai gina birnin zinare, mai fim sai ya nemo kuɗi, kafinta da gwanin kwamfuta.

Ba mu kaɗai ke wannan ƙorafi ba. Lokacin da Peter Jackson ya fitar da kashin farko na The Lord of the Rings a 2001, daga littafin da Baturen Ingila J.R.R. Tolkien ya wallafa a 1954, fim ɗin ya kusa awa uku, amma sai da aka cire wani mutum sukutum mai suna Tom Bombadil. Har yau masoya littafin na ta muhawara a kai. In masu miliyoyin dala sun yanke, ina ga ɗan Kannywood da ya ci bashi ya yi hayar kyamara?

Sannan mu yi wa kanmu adalci. Shi kansa Alhaji Abubakar Imam, da ya zauna a Zariya ya rubuta Magana Jari Ce, wanda ya fara fitowa a 1937, da yawan labaran daga littattafan Larabawa, Indiyawa da Turawa ya ɗebo su. Ya sauya sunaye, ya sauya garuruwa, ya sa musu rawani da babbar riga, har muka rantse a tsakar gidanmu aka haife su. Haka tatsuniyar Daskin Da Riɗi, wadda kamfanin Sarauniya na Kano ya mayar fim a ƙarshen shekarun 1990: yadda kakata ta Gagarawa ke ba da ita daban, yadda kishiyarta ke bayarwa daban. Amma a bakin kowaccensu, yarinyar da aka raina, wadda ta tsaya ta cuɗa wa tsohuwa baya, ita ke samun rabo. Ashe sauyi ba shi ne laifin ba.

Bari in kawo misali daga wurin aikina. Sau da yawa tsohuwa za ta dawo min da maganin hawan jini ta ce, "'Yata, ba shi ba ne, nawa fari ne, wannan ja." Sai in zaunar da ita in nuna mata cewa kamfani ne ya bambanta, sinadarin da ke ciki ɗaya ne, kuma shi ke aiki. Abin tsoro shi ne jabu: kwali iri ɗaya, suna iri ɗaya, ciki kuwa alli. Haka fim yake. A rage tafiyar wata uku ta koma minti biyar, a haɗe bayi uku su zama ɗaya, duk launin ƙwaya ne. Amma a ɗauki mace mai zuciya a mayar da ita 'yar rakiya, ko a cire wayon da jarumi ya yi nasara da shi a sa rawa a gurbinsa, sannan a manna sunan littafin don a ja masoyansa, wannan jabu ne. Fushin abokiyar aikina a kan hular Sarkin Aljanu son zuciya ne. Fushinta a kan takobin da aka ƙwace wa jarumar kuwa yana kan hanya.

Abin da ya fi damuna shi ne yaranmu. Yawancinsu ta waya za su fara haɗuwa da waɗannan labarai, kuma abin da ido ya fara gani shi ke zama gaskiya. Yarinyar da ta ga jaruma tana kuka kawai ba za ta taɓa sanin an rubuta ta da takobi a hannu ba.

Don haka roƙona biyu ne. Masu shirya fim, in marubucin na raye ku nemi izininsa, ku biya shi haƙƙinsa, ku zauna da shi ya nuna muku inda ran labarin yake kafin ku sa almakashi. Mu kuma iyaye, kafin mu miƙa wa yaro waya, mu karanta masa ko da shafi biyar ne, ya gina tasa fadar aljanun tukuna. Na fara da 'yata a wannan makon da Ruwan Bagaja na 1934. Mun kai inda Alhaji Imam da Malam Zurƙe ke ta yi wa juna tsiya, kuma ta riga ta yanke hukunci cewa Malam Zurƙe da wani kawunta na Gumel yake kama. Ban musa mata ba.

Ku fa, wane littafi ne fim ya ɓata muku, wanne kuma ya gyara? Ina jiran jin ta bakinku. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.