Mahaɗi ba daga Faransa ya zo ba

Ƴan uwa ɗalibai, duk shekara in ɗari ya kama, daga Disamba zuwa Janairu, sai ka ji waɗansu cikinmu suna yabon Faransawa: wai su ne suka san wace jar giyar inabi ta dace da wane dahuwar nama lokacin sanyi, mu kuwa cika ciki kawai muka iya. Ni dai ban yarda ba, kuma hujjata tana cikin harshen kanshi.

Ku dubi kalmar mahaɗi. An gina ta daga aikatau haɗa, kamar yadda mabuɗi ya fito daga buɗe. Miya mahaɗin tuwo ce, nono mahaɗin hura, ƙosai mahaɗin koko. Mutanen da ba su damu da abin da ya dace da wani ba, mi za su yi da irin wagga kalma?

Abin da Bafaranshe yake nema cikin giyar Bordo shi ne bauri, wanda ke ɗaure baki ya kwashe maiƙon nama. Baurin nan yana cikin goro, yana cikin kofin farko na shayi. Shi ya sa a fada ake ɗora buta in an sayo balangu ko kilishin Madawa. Tsamin kunun tsamiya ma aikin da yake yi wa man ƙosai ke nan. Tsohuwar da ke ƙara citta da kanumfari cikin kunu da asubar hunturu a Buza ko Keita ba ta taɓa shiga lakwal ba, amma ta san aikinta.

Wani zai ce, to mine ne na tada jijiyar wuya a kan kunu? Dalili shi ne wannan raini yana da kuɗin biya. Saurayin da aka koya wa cewa barasa ce maganin sanyi ba zai sami giyar Bordo ba, ƴar leda mai arha zai saya. Barasa kuwa buɗe jijiyoyin jini na fata take yi: ka ji ɗumi na ɗan lokaci, alhali zafin jikinka zurarewa yake. Mai ban ruwan albasa da ke kwana a fadamar Majiya, in ya dogara da ita, ya ci bashin sanyi. Ban ma kawo maganar addini ba, wadda kowa ya sani.

Ga abin da nake nema gare mu. Hutun nan mai zuwa, kowa ya zauna da iya ko kaka, ya rubuta sunayen kunu da miya da mahaɗin kowane, da lokacin da ake shan shi, da lafazin garinsu yadda yake. Faransawa sun rubuta nasu, shi ya sa muke ganin shi ilimi. Namu yana bakin tsofaffi, kuma tsofaffi ba jiranmu suke ba.