Lakkol Ba Gidan Zama Ba Ce

A damanar 2024 ambaliyar ruwa ta shafi mutum fiye da miliyan ɗaya a Nijar. An sauki waɗanda gidajensu suka rushe cikin azuzuwa, har gwamnati ta ɗage komawa lakkol daga 2 zuwa 28 ga Oktoba. Agaji ne, amma na aro: ran da yara suka komo, sai magidanci ya sake ɗaukar tabarmarsa.

Akwai wata dabara. A 2020 jihar Kaliforniya ta Amurka, da shirin Homekey, ta ba da kuɗi aka sayi otal-otal da wasu gine-gine, aka samar wa marasa muhalli ɗakuna kimanin 6,000.

Ƙasar Arewa ba ta da yawan otal, amma darasin ya shafe ta, don daga Sukukutane har Tibiri talaka cikin ginin laka yake kwana. Wajibi ne magabata su ƙidaya gidajen baƙi da ma'aikatun da ke kulle, a gyara su tun da rani, a mai da su mazauni na dindindin, da ruwan sha da kulawar likita. Ba a fafe gora ranar tafiya.